Yadda zaka dawo da fitilu da wayarin na tsohuwar mota ba tare da ka ƙona ta ba

Duk wanda ya taɓa jawo tsohuwar mota daga inda ta yi shekara goma sha ko ashirin a ajiye ya san wannan yanayin, inji zai tashi bayan an ɗan sha fama, amma da ka murɗa makunnin fitila sai kaga wani haske ja-ja kamar na aci-balbal, sigina ɗaya na ƙiftawa ɗayan ya ƙi, ka taka birki fitilar dashbod ta kawo. Abin da yawancin mutane keyi a nan shine su fara sayen sabbin kaya, sabon makunni, sabuwar fitila, sabon alteneta, kuma bayan an ɗaura matsalar tana nan. Ni dai a motocin da suka ratsa hannuna, mafi yawan kayan lafiyarsu ƙalau, datti ne da tsatsa suka zauna a mahaɗar wayoyi suka hana wuta wucewa. Saboda haka tsarin da zan baka shine ka wanke, ka gwada da mita, sannan in abu ya tabbata ya mutu ka canza shi.

Ka fara sanin wace irin mota ce a gabanka

Kafin ka ɗaura batir tambaya biyu zaka amsa. Volt 6 ce ko volt 12? Sannan wane kan batir ne aka ɗaure a jikin mota, nagetif ko fozitif? Motocin Amurka sun koma volt 12 a tsakiyar shekarun 1950, Chevrolet a 1955, Ford a 1956, kuma Ford kafin nan fozitif take ɗaurewa a jiki. Volkswagen Beetle ta daɗe akan volt 6, sai daga samfurin 1967 suka fara komawa 12. Motocin Ingila irinsu Morris Minor, Mini ta farko da MG, volt 12 ne amma fozitif ne a jiki har wajen ƙarshen shekarun 1960. Kar ka dogara da shekarar mota kawai don wani mai ita na baya zai iya ya juya ta, duba rubutun jikin dainamo, wato na'urar cajin batir ta tsofaffin motoci kafin zuwan alteneta, da jikin koyil da gindin kwan fitila, yawanci suna ɗauke da 6V ko 12V. In ka ɗaura batir a juye a motar da aka saka wa alteneta, cikin daƙiƙa zaka kashe altenetan.

Sai ka nemi zanen wayarin na ainihin samfurin motar, ka buga shi babba a takarda. Ga wani abu da ya kamata ya zauna maka a kai tun yanzu: a motar Jamus waya ruwan ƙasa ita ce mai komawa jikin mota, amma a motar Ingila mai kayan lantarkin kamfanin Lucas waya ruwan ƙasa ita ce mai ɗauke da wuta kai tsaye daga batir, ko fiyus babu a kanta, baƙa ce ke zuwa jiki. Wanda ya saba da Beetle ya zo kan Mini ya ɗaure ruwan ƙasa a jiki, to hayaƙi zai gani. Sauran kalolin Lucas suna da sauƙi, fara wutar da ke zuwa in an murɗa ki, koriya ita ce dai wannan wutar bayan ta bi ta fiyus, ja ƙananan fitilu, shuɗiya fitilar gaba, shuɗi da fari ful, shuɗi da ja dim. Jamusawa kuma lamba suke bugawa kusa da kowace ƙafa: 30 wutar batir, 15 wutar ki, 31 jiki, 56a ful, 56b dim, 58 ƙananan fitilu, 49 da 49a na abin ƙifta sigina, 50 na kik. In ka haddace waɗannan ko zane babu zaka iya bin rabin motar.

Cire batir, ɗau hoto, kar ka yanke komai tukuna

Kan da ke ɗaure a jiki shi zaka fara kwancewa, kuma shi ne na ƙarshe in zaka mayar, dalili kuwa in sifana ta taɓa ƙarfen mota kana kwance wannan kan ba abin da zai faru. Cire zobe da agogon ƙarfe. Kayan aiki basu da yawa, mita mai auna volt, fitilar gwaji, samfefa mai laushi, ƙaramin buroshin tagulla, filayar matse kan waya mai kyau, robar nan da ake zurawa a waya a hura mata zafi ta kama, giris na lantarki, da tef ɗin takarda na rubutu. Kowace waya ka zare ka manna mata suna nan take, ka ɗau hoto kafin da bayan, don wallahi abin da kake ganin bazaka manta ba yau, bayan sati biyu ya gudu.

Yanzu bi wayarin da hannu tun daga bonet har but. Lanƙwasa waya a hankali, in robar ta tsage ko ta fara marmashewa to ta gama aiki. Wadda aka naɗe da zare, irin ta motocin kafin shekarun 1960, sau da yawa zaren na nan da kyau amma robar ciki ta bushe. Duba sosai inda waya ta ratsa ƙarfe, nan ne robar bakin rami ke ruɓewa ƙarfe ya dinga cin waya a hankali. Fere ɗan bakin wata waya ka ga tagullar, in tana sheƙi lafiya, in ta yi baƙi har ciki to ruwa ya bi ta kuma ko dalma bazata kama ba.

A nan zaka yanke shawara. In wuri biyu uku ne suka lalace, gyara su. In ko kusan duk inda ka taɓa yana karyewa, ko kaga alamar an taɓa yin gobara a cikin damin wayoyin sun narke sun manne da juna, kar ka tsaya faci, sayi sabon damin wayarin gaba ɗaya, ana yin su sababbi na Beetle, Mini, MG, tsofaffin Mercedes da sauransu da kalolin asali. In zaka canza kar ka fizge tsohon lokaci ɗaya, shimfiɗa sabon kusa da shi ka dinga canzawa reshe reshe. Sannan duk wani ƙarin da masu motar na baya suka yi, wayar rediyo da aka murɗa da hannu aka naɗe da tef, wayar gida da aka jona wa ham, cire su duka ka koma kan zane.

Kamun jiki, inda yawancin ciwon yake

Wuta sai ta je ta dawo, kuma a mota hanyar dawowarta ita ce ƙarfen jikin motar. Fitilar baya da yawa ma basu da wayar dawowa, nocin da ya riƙe gidan fitilar shi ne hanya. To shekara hamsin na ruwa da ƙura, ga kuma wanda ya yi sabon fenti ya shafe wurin, wuta ta rasa hanya sai ta nemi wata, ta bi ta cikin ɗayan zaren kwan ta koma baya ta cikin layin ƙananan fitilu. Shi yasa kake kunna sigina kaga fitilar birki na ƙiftawa tare da shi a dushe, ko ka taka birki dashbod ya haska. Duk sanda kaga fitilu na shiga harkar juna haka, kar ka zargi makunni, tafi kan kamun jiki.

Na taɓa kwance fitilar bayan wata Beetle da aka ce min wayarinta ya mutu sai an canza duka. Da na cire gilashin, gindin soket ɗin ya yi kore shar kamar an barbaɗa masa garin tuta, robar da ke tsakanin fitila da jiki ta jiƙe ta riƙe ruwa, nocin kuma da na murɗa sai ga jan gari na zuba a tafin hannuna. Minti ashirin na goge da buroshi da samfefa, na ja sabuwar waya ruwan ƙasa daga gidan fitilar zuwa wani noti mai tsafta, fitila uku suka dawo daidai ba tare da an sayi ko kwai ɗaya ba.

Yadda zakayi, ka kwance kowane kamun jiki ɗaya bayan ɗaya, ka goge ƙarfen har ya yi fari yana sheƙi, ka goge kan wayar, ka saka wasa mai haƙora, ka ɗaure tam sannan ka shafa giris a sama don kar iska da ruwa su koma. Fara da manya: daga batir zuwa jiki, da kuma faffaɗar wayar nan saƙaƙƙiya da ke haɗa inji ko giyabos da jiki. In wannan ta tsinke wutar kik zata nemi hanya ta wayar totur ko ta cok, har kaga ta yi zafi tana hayaƙi. A motar volt 6 wannan aikin ya ninka muhimmanci, don kwai mai wat iri ɗaya yana jan ninki biyu na amfiya akan volt 6 fiye da akan volt 12, kuma rabin volt da ya ɓace a hanya babban kaso ne daga cikin shida. Shi yasa wayoyinsu suka fi kauri, kar ka saka mata siririn kebul na batirin motar zamani kace ai duk ɗaya ne.

Akwatin fiyus

Cire duka, goge ƙafafun da ke riƙe su, ka ɗan matse su in sun saki. Motocin Jamus irin Beetle da Mercedes W123 suna amfani da fiyus mai tsini biyu, kuma kala ce ke faɗin ƙarfinsa: rawaya amfiya 5, fari 8, ja 16, shuɗi 25. Bakinsu na yin tsatsa yana zafi, in ka samu masu jikin tangaran sun fi na roba don na roba na narkewa ya saki. Na Lucas na gilashi kuma akwai tarko a ciki, lambar 35 da ke jiki ita ce inda yake tsinkewa, abin da yake ɗauka yau da kullum wajen 17 ne, don haka in ka saka masa fiyus na zamani mai 35 ka ninka abin da wayar zata iya jurewa. Kuma motocin Ingila da yawa na wancan lokacin fiyus biyu ne kacal a cikinsu, fitilar gaba ma bata bi ta ko ɗaya ba. In ka tarar an naɗe fiyus da takardar sigari ko an ɗaura zaren tagulla, ka san akwai shot a wannan layin da wani ya ɓoye maimakon ya gyara, sai ka nemo shi.

Bada wuta karon farko

Kar ka ɗaura batir kai tsaye. Ɗaura kai ɗaya, sannan tsakanin ɗayan kan batirin da kebul ɗinsa ka jona kwan fitilar gaba mai wat 55. Komai a kashe, ƙofofi a rufe. In kwan bai kawo ba madalla. In ya haska sosai akwai shot, amma kwan ya tare wutar ba abin da zai ƙone, sai ka dinga zare fiyus ɗaya ɗaya har ya mutu, layin da ka zare ya mutu nan matsalar take. In ka zare duka bai mutu ba to tana kan layin da bashi da fiyus, duba wajen makunnin ki, makunnin fitila da na'urar caji. Kar dai ka yi kik da kwan a tsakani. Sai komai ya yi tsit sannan ka ɗaura kebul ɗin sosai.

Daga nan layi ɗaya zaka dinga bi har ka gama shi, ƙananan fitilu, sai birki, sai sigina, sai na gaba, sai ham da waifa.

Gwajin da ya fi kowanne amfani shine auna wutar da ke ɓacewa a hanya, kuma sai fitila na kunne ake yinsa. Mutane na zare kwai su auna soket suga 12 suce wuta na zuwa, alhali ko silin waya ɗaya ne ya rage mita zata nuna 12 tunda ba a jan komai. Kunna fitilar, ɗora tsinken mita ɗaya akan kan batir mai wuta, ɗayan akan ƙafar kwan inda wuta ke shiga. Abin da mita ta nuna shi ne asararka. Ƙasa da rabin volt ba laifi, in kaga volt ɗaya da rabi ko biyu to sai ka dinga matsowa da tsinken baya, mahaɗa bayan mahaɗa, fiyus, makunni, har ka ga inda lambar ta faɗi, wurin nan ne mai datti. Haka zaka yi a ɓangaren dawowa, daga gindin kwan zuwa kan batir na jiki, nan kuma kar ya wuce 0.2. Dalilin da yasa na nace akan wannan, kwai mai zare in wutarsa ta ragu da kashi 10 cikin ɗari haskensa na raguwa da wajen kashi 30, kaga fitilar da ake cewa ta tsufa sau da yawa yunwar wuta ce ke damunta.

Makunnin da ya nuna asara kar ka yi saurin jefarwa, na da ana buɗe su. Buɗe shi a cikin faranti don akwai ƙananan sifirin da ƙwallaye masu tsalle, goge tagullar, ɗan giris kaɗan, ka mayar.

Fitilar gaba

Iri biyu zaka tarar. Akwai wadda aka rufe gaba ɗaya, gilashi da madubi da zare duk abu ɗaya ne, Amurka ta wajabta ta a 1940 mai faɗin inci 7, in ta mutu duka ake canzawa. Akwai kuma ta Turai da ake zare kwai ta baya, irin na Bosch, Hella, Cibié da Marchal. Tsohon kwan Turai wat 45/40 ne, H4 mai halojin da ya fito a 1971 kuma 60/55, gindinsu ba ɗaya bane don haka kar ka tura da ƙarfi. Kuma kar ka taɓa gilashin halojin da yatsa, maiƙon hannu na sa shi ya mutu da wuri.

Madubin ciki shi ne abin lallaɓawa. Rufin da ke kansa siriri ne sosai, in ka sa tsumma ka goge zaka ga ya bi tsumman ya tafi kuma baya dawowa. Zuba ruwa mai ɗumi da ɗigon sabulu, girgiza a hankali, ɗauraye da ruwan batir mara gishiri, ka barshi ya bushe da kansa. In ya yi tsatsa ko ya dushe ya koma toka, sai dai a kai wa masu sake masa rufi ko a sayi wani, fentin azurfa na gwangwani baya mayar da haske ko kaɗan. Gilashin kuma ka kula da ɓangaren titin da aka yi shi dominsa, na ƙasar da ake tuƙi a hagu kamar Ingila yana jefa haske ta gefen da zai kashe wa masu tahowa ido in a dama kake tuƙi. Canza robar bakin gilashi in ta bushe, ita ce ke barin ruwa ya shiga.

Gyara ɗaya da nake ba kowa shawara ko da yana son motar ta zauna yadda aka ƙera ta shine rile, wato ƙaramin makunni da wuta ke kunnawa ba hannu ba, don ana iya ɓoye shi ba mai gani. A tsarin asali duk wutar fitila, wajen amfiya 10 in kwai biyu ne masu wat 60, sai ta shiga dashbod ta bi ta tsohon makunni sannan ta dawo gaba. Da rile biyu, ɗaya na ful ɗaya na dim, makunni aikin umarni kawai zai dinga yi. Ja waya mai kaurin 2.5 mm² daga batir, saka fiyus na 15 kusa da batirin sosai, kai ta ƙafa 30 ta jikin rile. Ƙafa 87 ta tafi kan kwayayen. Tsohuwar wayar da ke zuwa daga makunni ta shiga 86, sai 85 ta kama jiki. In volt 6 ce ka nemi rile na volt 6 da waya mafi kauri. Kar kuma ka ce zaka saka kwai mai wat 100, zafi zai cinye madubin kuma dainamo bazai iya ciyar da shi ba.

Saiti kuma da dare, a fili mai daidai, tayoyi da iska daidai, mota na fuskantar bango daga mita 10. Auna tsayin tsakiyar fitila daga ƙasa ka ja layi a bango, ka kunna dim, bakin hasken ya sauka kamar santimita 10 ƙasa da layin. Rufe ɗaya da kwali ka saita ɗaya.

Na baya da sigina

Sigina wat 21, ƙaramar fitila wat 5, na birki da ke haɗe da ta baya 21/5 mai zare biyu, kuma ƙusoshin gindinsa ɗaya ya fi ɗaya tsawo daga ƙasa don kar ya shiga a juye. In aka tura shi da ƙarfi a juye sai fitilar baya ta fi ta birki haske, in kuma aka saka mai zare ɗaya a wannan soket ɗin sai ya haɗe layi biyun. Tsohon abin ƙifta sigina da zafi yake aiki, yana buƙatar nauyin kwai biyu masu wat 21, shi yasa in ɗaya ya mutu ƙiftawar ke canzawa. In ka koma LED dole ka canza shi zuwa na lantarki, kuma LED na da gaba da baya, a motar da fozitif ke jiki sai ka nemi wanda aka yi dominta. Gilashin roba da ya dushe wanke shi da sabulu ka goge da man goge fenti mai laushi, kar fetur ko tina su kusance shi, tsagewa zai yi.

Caji

Batir mai lafiya a zaune 12.6 yake nunawa, na volt 6 kuma 6.3. Tada inji ka ɗan ɗaga totur, ya kamata kaga tsakanin 13.8 da 14.4, ko wajen 7 da ɗan ɗoriya a mai volt 6. Dainamo baya caji sosai in inji na silo, wannan halinsa ne ba lalacewa ba, kuma ƙarfinsa kaɗan ne, dainamon Lucas C40 amfiya 22 yake bayarwa, lissafa fitilu da waifa da hita kaga saura nawa. In baya caji fara da bel, sai gawayin ciki, sai ƙafafun akwatin regileta. Dainamon da ya daɗe a ajiye ko aka juya masa batir yana buƙatar a tuna masa alkiblarsa, a na Lucas zaka zare ƙaramar wayar F, ka ɗauko waya daga kan batir mai wuta ka ɗan taɓa ƙafar F na dainamon sau biyu uku, ƙyas ƙyas, shikenan. Na Bosch hanyarsa daban ce, bi littafin motar. In zaka koma alteneta tabbatar nagetif ne a jiki ko ka sayi wanda aka yi don fozitif, ka ƙara kaurin wayar caji, kuma ka duba agogon amfiya na dashbod in akwai, don duk wutar ta cikinsa take bi kuma ba a yi shi don wannan nauyin ba.

In ka gama duka, kunna inji, kunna fitilu da waifa da hita lokaci ɗaya ka barsu minti goma sha biyar, sannan ka bi da bayan yatsa kana taɓa akwatin fiyus, bayan makunnin fitila, kowace mahaɗa da ka gyara. Ɗumi kaɗan ba komai, amma duk inda ya yi zafin da zaka janye hannu akwai sauran datti ko sako-sako a wurin, kashe ka sake buɗe shi. Makonnin farko ka saka makunnin yanke batir ka dinga kashewa duk sanda ka ajiye ta, abin kashe gobara kuma ya zauna kusa da kujerar direba inda hannunka zai kai, ba cikin but ba.